Wayback Machine: rumbun da ke nuna fuskar intanet ta jiya

Duk mai son ya ga da idonsa yadda shafukan intanet suka faro da yadda suka rikiɗe, Wayback Machine ne wurin zuwa. Na daɗe ina aiki da shi wajen bin diddigin tsofaffin shafuka, kuma a ganina babu na biyunsa, muddin mutum ya iya karanta abin da ake nuna masa. Ƙungiyar Internet Archive ce ke tafiyar da shi, wadda Brewster Kahle ya kafa a San Faransisko ta Amurka a 1996, ba don neman riba ba. Tun shekarar suke tara kwafin shafuka, amma sai a Oktoban 2001 aka buɗe wa jama'a ƙofa. A 2025 abin da suka tara ya kai shafi tiriliyan 1. Kyauta ne, kuma dubawa ba ta buƙatar rajista.

Gara a san iyakarsa tun da wuri. Intanet ta girme shi nesa ba kusa ba. Saƙon farko na ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da ta zama tushen intanet, ya tashi ne daga jami'ar UCLA ranar 29 ga Oktoba, 1969, aka koma tsarin TCP/IP, ƙa'idojin da kwamfutoci ke bi wajen musayar bayanai, ranar 1 ga Janairu, 1983, sannan Tim Berners-Lee ya kawo shawarar yanar gizo a cibiyar CERN da ke Suwizalan a 1989. Babu ko ɗaya daga cikin wannan zamani a rumbun, har shekarun farko na burauzar Mosaic ta 1993. Daga 1996 labarinsa ya soma.

Shiga ba wuya. Ka buɗe web.archive.org, ka rubuta adireshin shafin da kake nema, sai jerin shekaru ya bayyana a sama, kalanda a ƙasa. Duk ranar da aka zagaye da da'ira, an ɗauki kwafi a ranar, kuma girman da'irar na nuna yawan kwafin. Launin ne mutane da yawa ke tsallakewa, alhali shi ke rage ɓata lokaci. Shuɗi na nufin shafin ya amsa lafiya lau. Kore na nufin an karkatar da mai ziyara zuwa wani adireshi. Ruwan lemo kuskure ne irin na 404, wato ba a sami shafin ba, ja kuma matsala ce daga sabar, wato kwamfutar da shafin ke kai. Ka nemi shuɗi tukuna.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin adireshin kwafin kansa. Bayan web.archive.org/web/ akwai lambobi 14 a jere: huɗu na shekara, sai biyu-biyu na wata, rana, awa, minti da daƙiƙa, a agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya. Saboda haka 19961017 a farkon lambobin na nufin 17 ga Oktoba, 1996. Kana iya rubuta shekarar kaɗai, kamar /web/1998/google.com, shi kuma ya kai ka kwafin da ya fi kusa da lokacin. In ka sa alamar tauraro a gurbin lambobin, kalandar ce za ta fito. In ka liƙa id_ a ƙarshen lambobin, za ka sami shafin tsurarsa, ba tare da zanen da rumbun ke ɗorawa a sama ba, ba kuma tare da an sauya mahaɗansa ba, wato wuraren da ake latsawa a tafi wani shafi.

Da wannan sai a sha kallo. Yahoo na 1996 jerin rukunoni ne da mutane suka tsara da hannu, rubutu shuɗi a kan fili kusan wayam. Google na ƙarshen 1998 yana ɗauke da alamar motsin rai a ƙarshen sunansa, kuma yana kiran kansa na gwaji. Adireshin thefacebook.com na 2004 na ɗaliban jami'a ne kawai. Ƙarancin hotuna a shafukan nan ba rashin gwaninta ba ne. Modem mai gudun kilobit 56 a daƙiƙa ba ya wuce kilobait 7 a daƙiƙa ko da komai ya tafi daidai, don haka hoto ɗaya mai kilobait 100 sai ya ci kusan daƙiƙa 15. Wanda ya san wannan zai ga hikimar masu ginin lokacin. Haka kuma dubban shafukan GeoCities, dandalin da talakawa ke gina shafukansu a kai, da aka rufe a Oktoban 2009, suna nan da kalamansu masu ƙyaftawa da ƙidayar baƙi a ƙasa. Ceto irin waɗannan shafuka na talakawan intanet shi ne aikin da na fi ganin girmansa.

To ga inda ake zamewa. Shafin da kake gani ba hoto ɗaya ba ne da aka ɗauka lokaci guda. Rubutun daban aka kwafo shi, kowane hoto daban, fayil ɗin ado daban. Idan babu hoton ranar, sai rumbun ya ɗauko mafi kusa, ko da tazarar shekaru ce. Sai ka ga rubutun 1999 da tambarin 2002 a kansa, kamar rigar da aka yi wa faci da wani yadi. Haka in ka latsa mahaɗi, yana iya jefa ka wata shekara ba sallama. Maganin shi ne duba lambobi 14 ɗin nan bayan kowace latsawa, sannan ka buɗe "About this capture" a sama, inda ake jera tazarar lokacin kowane ɓangare. Mai kafa hujja da kwafi bai kamata ya tsallake wannan ba.

Akwai kuma abin da manhajar kwafin ba ta iya kaiwa: duk abin da ke bayan kalmar sirri, da sakamakon akwatin bincike, da shafukan zamani da JavaScript, wato umarnin da ke aiki a cikin burauza, ke ɗebo musu kaya daga saba bayan an buɗe. Shi ya sa shafin 1997 kan fito cif, na 2020 ya fito da ramuka. Shafukan Flash, manhajar hotuna masu motsi wadda aka daina tallafa wa a ƙarshen 2020, su ma sukan zo a gurgunce. Wasu shafukan masu su ne suka nemi a cire. Akwatin bincikensa kuma sunayen shafuka yake nemowa, ba kalmomin da ke cikinsu ba, don haka sanin tsohon adireshi rabin aiki ne.

Kayan aiki biyu sun cancanci a saba da su. "Changes" na jera kwafi biyu gefe da gefe, abin da aka goge da rawaya, abin da aka ƙara da shuɗi. "Save Page Now" kuwa, a web.archive.org/save, yana ba ka damar adana shafi nan take, kuma mai asusu na iya haɗawa da shafukan da mahaɗansa ke kaiwa. Bayan adanawa ka buɗe kwafin ka tabbatar hotuna sun shiga, sannan ka rubuta cikakken adireshin da lambobinsa 14, domin gajeren adireshi na iya kai mai karatu wani kwafi daban.