HydroSHEDS ya nuna mini Odaw da Volta sarai, amma bai san lungunan Nima ba

Duk mai son gane dalilin da ya sa unguwannin Alajo da Circle a birnin Accra ke cika da ruwa ko a ranar da ruwan cikin gari bai taka kara ya karya ba, ya sauke HydroSHEDS, wato tarin bayanan taswira na kwamfuta da ke nuna hanyoyin ruwa da kwarin koguna. Kyauta ne. A QGIS, manhajar haɗa taswira, nake buɗe shi, shi ma ba a biyan ko sisi, kuma tsohuwar kwamfutata ta ɗauka ba gardama. Na yi aiki da shi ne wajen haɗa wa ƙungiyar matasan unguwarmu a Nima taswirar da za mu nuna wa dattawa kafin damina.

Asalin bayanan daga sama ne. A watan Fabrairun 2000, kumbon Endeavour na Amurka ya yi kwana 11 yana kewaya duniya yana auna tudu da kwari da na'urar rada. Daga wannan awo masana a ƙungiyar kare muhalli ta WWF suka fitar da hanyoyin ruwa. An yanka doron ƙasa gida-gida kamar allon dara, kowane gida kusan mita 90, kowanne da lambar tsayinsa. Kwamfuta ta duba gidaje takwas da ke kewaye da shi, ta tura ruwan inda gangara ta fi tsanani, sannan ta ƙirga gida nawa ne ke juye ruwansu a kowane wuri. Inda lissafin ya taru, kogi ke nan. Inda ruwa ya rabu, wannan ya yi gabas wancan yamma, nan ce iyakar kwarin.

Da na danna bakin tafkin Korle, inda kogin Odaw ke zuba ruwansa, na ce a fitar mini da duk ƙasar da ke zuba ruwa a nan, sai ga launi ya bazu ya haura arewa, ya wuce Achimota da Haatso, har gindin duwatsun Akwapim. Wannan kaɗai ya biya ni. Mu da muka ga daren 3 ga Yunin 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka kashe mutum fiye da 150, mun saba ɗora laifin duka a kan shara. Shara na da nata laifin, ba musu. Amma taswirar ta nuna cewa duk filin da aka shafe da siminti can sama, ruwan da a da ƙasa ke shanyewa, yanzu Odaw ne ke kwaso shi ya sauke wa talakan da ke ƙasa.

A kan manyan koguna kuwa ya fi ƙwarewa, don dama dominsu aka yi shi. Sashensa na HydroBASINS ya kasa kowane kwari mataki 12, daga babba zuwa ƙarami. Kwarin Volta ya kai kimanin murabba'in kilomita 400,000, ya ratsa ƙasashe shida: Ghana, Burkina Faso, Togo, Benin, Mali da Kodebuwa. Ka bi layin da yatsa daga madatsar Bagre a Burkina, ka gangaro Farin Volta, za ka ga gonakin da ke nutsewa a arewa duk lokacin da aka saki ruwa, ka bi shi har madatsar Akosombo. Da yawanmu a zango muna da dangi a can, shi ya sa wannan ɓangaren ya fi jan hankalin mutane ranar taron.

Sai wani dattijo ya matso da gilashinsa dab da takardar ya ce, "Yaro, ina gotar bayan masallacinmu? Ita ce ke shigo mana ɗaki."

Na ce, "Baba, ba ta ciki. Ta yi ƙanƙanta."

Gaskiyar ke nan. Gida ɗaya na mita 90 a Nima zai haɗiye gidajen haya da lungu da gota gaba ɗaya. Rada kuma kan rufi da kan bishiya take gani, ba ƙasan da muke takawa ba, ba ta kuma san akwai kwalbati a ƙarƙashin titi ba. A shimfiɗaɗɗen wuri kusa da teku, layin kan miƙe sambal ta inda ruwa bai taɓa bi ba. Ga shi awon na 2000 ne, alhali Adenta da Oyarifa na yau ba su ne na wancan lokaci ba. Saboda haka kada wani ya riƙe wannan taswira ya ce filin da zai saya ba ya cin ruwa.

Abin da muka yi shi ne, matasa suka bi gotocin da ƙafa da waya a hannu, suna ɗaukar wurin kowace kwalbati da inda ta toshe, muka ɗora a kan taswirar babban kwarin. Dattawan suka ƙara mana da inda ruwa ya kai a bangon gidajensu, muka sa wa kowane wuri alama da ja.