Kwamfutar da Ka Haɗa Ta Ƙi Tashi: Wane Kayan Gwaji Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk wanda ya taɓa haɗa kwamfuta da hannunsa ya san wannan lokacin: an ɗaure madabod, wato babban allon da komai ke haɗuwa a kai, a cikin akwati, an zaunar da furosesa, an danna RAM har ta yi ƙas, an taɓa maɓalli, sai fanka ta juya sau biyu ta tsaya, ko kuwa ta yi ta juyawa alhali monita baƙi ƙirin. Daga nan ne mutum ke shiga neman abin da zai nuna masa inda cutar take. Abubuwa huɗu aka fi tallatawa, wato ƙaramar lasifikar madabod, katin lambobin POST (gwajin da kwamfuta ke yi wa kanta yayin tashi), 'yar na'urar gwada fawa saflai (abin da ke raba wa kwamfuta wuta), da kuma mitar auna wuta, wadda wasu ke kira maltimita. Na sayi dukkansu a lokuta daban-daban, kuma ba zan ɓoye ba, mita ce nake ba kowa shawara ya fara saya.

Kafin ka kashe komai, ka tabbata ka sa wayar furosesa mai fil 8, wadda ke rabuwa 4 da 4, ba ta katin hoto mai rabuwa 6 da 2 ba. Ka tabbata monita tana jone da katin hoto, domin furosesar Intel mai harafin F a ƙarshen lambarta ba ta fitar da hoto ta ramin madabod. In kuma RAM nau'in DDR5 ka sa, musamman a kan madabod mai soket ɗin AM5 na AMD, ka ba ta 'yan mintuna a kunnawar farko, saboda madabod na daidaita RAM ne, ba mutuwa ta yi ba.

Lasifikar nan ba ta buƙatar dogon bayani. Waya biyu ce a kan soket mai rami 4, kuma ƙara ɗaya gajere yawanci yana nufin komai lafiya. Ka saye ta, amma ka sani in wuta ba ta isa furosesa ba, shiru za ta yi maka. Katin POST kuwa asarar kuɗi ne ga yawancin mutane: masu arahar na ramin PCI ne, wanda madabod na zamani suka daina zuwa da shi, kuma fitilu huɗun nan da kamfanoni irin su MSI da ASUS ke sawa a gefen madabod, masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT, sun riga sun ƙwace masa aiki.

Na'urar gwada fawa saflai ita ce ta cuce ni, kuma har yau ban huce ba. Na taɓa haɗa wata kwamfuta da ke kunnuwa na daƙiƙa biyu ta mutu, ta sake kunnuwa ta sake mutuwa. Na jona fawa saflai a jikin na'urar, allonta ya nuna bolt 12.1, da 5.0, da 3.3, duka daidai. Sai na wanke fawa saflai daga zargi, na ɗora laifin a kan madabod, na sayi wata sabuwa, ita ma ta yi abin da ta farko ta yi. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, wannan na'ura kusan ba ta ɗora wa fawa saflai wani nauyi, tana auna ta ne tana zaune ba aiki. Ranar da na ari mita na auna wayar ruwan ɗorawa, mai ɗauke da bolt 12, yayin da kwamfutar ke ƙoƙarin tashi, sai na ga bolt 12 ɗin nan ya gangaro ƙasa da 11 kafin komai ya ɗauke. Na'urar ba ƙarya ta yi ba, tambayar da ba ta da amfani ta amsa.

Abin da ya fifita mita shi ne tana auna wuta a daidai lokacin da ake shan ta. Tsarin ATX, wato ƙa'idar madabod da fawa saflai da Intel ta fito da ita a 1995, ya ba kowace waya launinta: ruwan ɗorawa bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, baƙa kuma ita ce ƙasa, wato bolt 0. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ta yarda wutar ta hau ko ta sauka da kashi 5 cikin 100 kawai, ke nan layin 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na 5 kuma tsakanin 4.75 da 5.25. Ba sai ka taɓa madabod ba. In akwai soket ɗin Molex, mai rami 4 da ke fitowa daga fawa saflai, da ba a amfani da shi, ka sa baƙin tsinken mita a baƙar waya, jan kuma a ruwan ɗorawa, ka danna maɓalli, ka zuba wa allon mita ido.

In kwamfutar ba ta ko motsi, mita ce kuma za ta raba gardama. Wayar shunayya da ke fil na 9 a babban soket mai fil 24 dole ta nuna bolt 5 tun kafin a danna maɓalli, muddin akwai wuta a bango kuma makunnin bayan akwati a kunne yake. In babu wannan, kada ka wahalar da kanka da RAM. Koriyar waya ta fil na 16 ita ce madabod ke ja ƙasa don ta tayar da fawa saflai, shi ya sa haɗa ta da baƙar waya da ɗan ƙarfe ke sa fanka ta juya ko babu madabod. Wayar ruwan toka ta fil na 8 ita ce ke shaida wa madabod cewa wuta ta daidaita, kuma in ba ta hau ba, furosesa ba za ta fara aiki ba ko da duk fankoki na juyawa. Da wannan mitar dai za ka auna ƙaramin batirin madabod, wato CR2032, wanda ya kamata ya ba da bolt 3, ka gwada maɓallin akwati ko yana haɗawa, ka kuma gano ko wani ƙarfen ɗaure madabod da aka sa a wurin da babu rami yana taɓa bayan madabod. Iyakarta ita ce ba ta ganin rawar wuta mai saurin gaske, amma mai maɓallin Min/Max tana riƙe mafi ƙarancin adadin da ta gani, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin ƙara kuɗi.

Sai dai kasuwar mita cike take da jabu. Za ka ga an buga CAT III 600V, alamar jure wuta mai ƙarfi, a jikin robar da ko nauyi ba ta da shi, in ka buɗe wurin batir sai ka tarar da siririn fiyus na gilashi maimakon na tangaran, wani lokaci ma wata 'yar waya ce aka miƙe a gurbinsa. A kan bolt 12 wannan ba zai kashe ka ba, amma wata rana za ka kai ta soket ɗin bango. Ka duba tsinken: in wayarsa siririya ce mai taurin roba, to cikinta 'yan zaren tagulla ne kaɗan, kuma za ta tsinke daga ciki ba ka sani ba. Ka haɗa bakin tsinke biyu a wurin gwajin haɗuwa, ya kamata ƙara ya fito nan take, ba da jinkiri ko kakkatsewa ba. Ka kuma kula da batirinta, domin masu araha da yawa, in batirinsu ya yi sanyi, sai su riƙa nuna adadi sama da gaskiya, ka jefar da fawa saflai mai lafiya a banza.

Jabun fawa saflai kuwa ya fi wannan muni, kuma wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya zabura. Wadda ta sa na sayi madabod a banza an rubuta mata wat 650 da tambarin 80 Plus. Wannan tambari, wanda aka ƙirƙiro a 2004, ingancin sarrafa wuta kawai yake aunawa, ba ƙarko ba, kuma buga sitika ba ya yi wa mayaudari wuya. Ka nemi ainihin lambar samfurin a jerin waɗanda aka tantance, kada ka tsaya a sunan kamfani. Ka karanta teburin da ke gefen akwatin: ka ninka amfiya na layin 12 da 12, in fawa saflai mai wat 650 ta ba ka amfiya 25, to wat 300 ne kawai a layin da furosesa da katin hoto ke sha, sauran adadin ado ne. Nauyi ma ya daina zama shaida, tunda akwai masu liƙa ƙarfe ko siminti a ciki don ta yi nauyi a hannu. Kada ka buɗe ta don ka duba, domin manyan kafasitocin ciki na riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire ta daga bango. Ka leƙa ta ragar fanka da tocila.

Akwai kuma wata yaudarar da mai sayarwa kansa bai cika sanin yana yi ba, wato ba ka wayoyin wata fawa saflai a kan wata. Bakin da ke shiga madabod ko faifai iri ɗaya ne ko'ina, amma bakin da ke shiga jikin fawa saflai mai cirarrun wayoyi ba shi da tsari guda, ko a cikin kamfani ɗaya. Waya za ta shiga daidai, ta aika bolt 12 inda ake jiran bolt 5, faifanka ya ƙone nan take. In ka sayi ta hannu, ka kunna ta ita kaɗai ta koriyar waya, ka bi kowane soket da mita rami-rami, kafin ka bari ko waya ɗaya ta taɓa madabod ɗinka.