Kana son naɗe yaren kakarka? Ga abin da ya kamata ka saya

A ƙauyukan kudancin Bauchi da wasu sassan Filato da Kaduna, akwai gidajen da kaka ce kaɗai ta riƙe yarensu, jikoki kuwa da Hausa suke amsa mata. Haka Ajawanci ya tafi a ƙasar Bauchi, masu shi suka koma Hausa gaba ɗaya. Duk mai son naɗe irin wannan harshe tun tsofaffin suna da rai, tambayarsa ta farko ita ce ta kuɗi. Shawarata, kuɗinka ya tafi kan sauti, domin manhajojin da masana ke aiki da su kyauta ne.

Wayar da ke aljihunka za ta iya aiki idan babu hali, amma da sharaɗi. Ka sa manhajar da ke adana sauti a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, kada ka yarda da MP3, kuma kada ka dogara da saƙon murya na WhatsApp, domin matse sauti yake yi, abin da ya zubar ba ya dawowa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yarukanmu, inda hawa da saukar murya ke raba ma'ana, kamar yadda muke bambanta kukan yaro da kukar miya.

Idan akwai ɗan hali, ƙaramin rikoda irin Zoom H1n ya fi waya nesa ba kusa ba. Batir biyu ƙanana yake ci, irin na rimot, don haka rashin wuta a ƙauye ba zai tsayar da kai ba. Matsalarsa, yana kwashe duk abin da ke tsakar gida: zakara, awaki, injin niƙa na maƙwabta. Babban wansa, H4n ko H5, yana karɓar makirufo biyu na waje, kuma shi zan zaɓa in hira za a naɗa tsakanin tsofaffi biyu, kowa da makirufonsa a wuyan riga. Ka haɗa da soson rufe makirufo saboda iskar hunturu, da belun kunne don ka ji abin da ke shiga tun kana zaune gaban tsohuwar. Awa ɗaya ta WAV tana cin fiye da megabait 600, sai ka tanadi katin ajiya fiye da ɗaya.

A kwamfuta, kowace manhaja da aikinta. ELAN, wadda cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a Holan ta fitar, ita ce ta jera rubutu daidai da magana, jimla bayan jimla, da fassarar Hausa a ƙasa. FLEx ta ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta haɗa ƙamus ce da fayyace sassan kalma, sai dai ba ta gudana a kwamfutar Mac, ka lura da wannan kafin ka sayi laftof. Praat ta jami'ar Amsterdam ta auna karin murya ce. Mai farawa ya soma da ELAN, sauran za su jira.

Manhajojin da ke mayar da magana rubutu da kansu kuwa, kada ka kashe ko sisi a kansu. Da ɗimbin sautin manyan harsuna aka horar da su, yaren da masu jinsa ba su wuce ɗari biyu ba baƙo ne a wurinsu. Kuɗin da ka ware musu ka ba matashin garin da zai zauna da kai kuna saurare kuna rubutawa, domin minti ɗaya na magana kan ci muku lokaci mai tsawo.

Kafin ka danna maɓalli, ka nemi yardar mai magana, ka naɗi yardar da muryarta, da sunan gari da kwanan wata. Ka ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a hannun mutanen garin. Taskar ELAR da ke Balin a Jamus tana adana irin waɗannan naɗe-naɗe, kuma tana ba da damar a kulle abin da masu shi ba su yarda kowa ya ji ba, kamar waƙoƙin tsafi da zantukan cikin gida.