Saƙo daga Landan: jita, bes da amfilifayar 'yan rok, da wanda ya dace a aiko gida

Assalamu alaikum ƙanina. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga amsar tambayarka kan kayan da makaɗan rok ke hawa dandamali da su a nan, da kuma ko in nemo maka irin katafariyar amfilifayar Marshall ɗin da kake gani a bidiyo an jera kamar bango. Kada ka zuba kuɗinka a kanta. Bari in yi maka bayani dalla-dalla.

Yawancin ƙananan ƙungiyoyi a Landan ba sa jigilar manyan kaya. Wurin wasa yana da gangunansa da akwatunan sifikarsa, ko kuma a ɗauko haya daga kamfanonin da sana'arsu ke nan. Makaɗi zai goyo jitarsa, ya riƙo allon fedojinsa, wato ƙananan na'urorin da ake takawa da ƙafa don sauya sautin jita, a hannu, ya shiga jirgin ƙasa. Ƙungiyar da za ta zo daga nesa kuwa takarda take aikowa tun kafin ta iso: amfilifaya iri kaza, makirfo kaza, soket nawa a kowane gefe. Wurin gwaji ma haya ake yi da awa, da komai a ciki. Mu a gida kowa sai ya mallaki nasa, ya ɗora a a-kori-kura, rana ta duka, ƙura ta shiga.

Sannan ba amfilifayar jita ce ke cika fili da ƙara ba. Injiniyan sauti yana kafa makirfo, galibi Shure SM57 wanda kuɗinsa wajen fam 100 ne, dab da rigar sifika. Idan ya saita shi a tsakiyar sifikar sauti ya yi kaifi, idan ya gusa shi santimita 3 zuwa 5 gefe sai ya yi taushi. Daga nan waya ta kai miksa, manyan lasifikoki su kai wa jama'a. Shi ya sa wat 30 zuwa 50 ke isar mai jita. Ninka wat ba ya ninka ƙara a kunne. Tsakanin wat 50 da 100 desibel 3 ne kacal. Abin da ke yaga sifika a bukukuwanmu shi ne a bar amfilifaya ita kaɗai tana kokawa da fili, an murɗa ta har ƙarshe.

Amfilifaya masu bawul, wato kwalaben nan da ke yin ja idan sun ɗau zafi, su ne abin alfaharin 'yan rok. Jim Marshall ya fara ƙera nasa a Hanwell, yammacin Landan, a 1962. Samfurin JCM800 na 1981 mai wat 100 yana da manyan bawul EL34 guda 4, ana ɗora shi kan akwati mai sifika 4 'yan inci 12, kuma akwatin kaɗai ya haura kilo 30. Vox AC30 wat 30 ce da EL84 guda 4. Fender Twin Reverb wat 85 ce da 6L6 guda 4, sautinta garau. Daɗinsu ba a musu, amma suna da sharuɗɗa. Ba a kunna mai bawul sai an haɗa ta da sifika, in ba haka ba taransifomar fitar sauti ta ƙone, ita ce kuma mafi tsada a ciki. Adadin om, wato ma'aunin turjiyar sifika ga wuta, na bayan amfilifaya dole ya yi daidai da na akwati: akwati biyu masu om 16 idan aka haɗa su tare sun koma 8, sai a juya maɓallin zuwa 8. Wayar da ke tsakaninsu wayar sifika ce mai kauri, ba ta jita ba, duk da kawunansu iri ɗaya ne. Ta jita siririya ce, tana zafi ta narke. Ana kunna wuta, a jira kamar minti ɗaya bawul su yi ɗumi, sannan a ɗaga maɓalli na biyu. Idan manyan bawul sun gaji ba a canza ɗaya a bar saura. Ana sayen waɗanda aka auna suka yi daidai da juna, mai gyara ya sake saita wutar da ke ratsa su. Cikin akwatin kuma akwai kafasito da ke riƙe volt sama da 400 ko bayan an zare filogi, don haka ba wurin da yaron shago zai cusa sukundireba ba ne. A nan kowane babban gari akwai mai gyaran da ya san wannan aiki. Bawul ɗin kansu masana'antu ƙalilan ne suka rage suna yinsu, a Sulobakiya da Rasha da Sin, kuma farashinsu ya yi tsalle a 2022. Ka haɗa wannan da wutar janareta da gargadar hanya, ka ga inda za a kwana.

Wadda zan zaɓa maka ita ce marar bawul. Roland JC-120, da ake yi tun 1975, tana da sifika 2 'yan inci 12, sautinta tas, tana jure wahala, ga kuma ƙanwarta JC-40 ga mai son marar nauyi. Boss Katana ta fi araha, kuma da sautuka iri-iri a cikinta. Akwai kuma sabon yayi: manyan ƙungiyoyi da dama yanzu da 'yar na'ura suke zuwa, irin Kemper ko Line 6 Helix, wadda ke kwaikwayon sautin tsoffin amfilifaya, a haɗa ta kai tsaye da miksa, makaɗi yana jin kansa ta abin kunne. Wasu daga cikin bangon akwatunan da kake gani ma ado ne, ba komai a ciki. Sai dai wannan tsari ya dogara kacokan kan lasifikar fili mai kyau da injiniya mai kunne. In babu su, gara amfilifayarka tana bayanka.

Jita kuwa gida biyu ne suka mamaye rok. Fender Stratocaster ta fito a 1954, da fikof 3 masu naɗin waya ɗaya, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar motsinta. Sautinta siriri ne mai haske, irin wanda makaɗan Agadas suka saba da shi. Mdou Moctar, makaɗin nan na Nijar, ta bahago yake kaɗawa, kuma a nan ta bahago ba ta wuyar samu. Aibinta ƙugi: tana jawo ƙarar wutar lantarki, musamman kusa da janareta ko fitilu marasa kyau. A yawancin na zamani, idan ka sa maɓallin zaɓen fikof a mataki na 2 ko na 4 ƙugin yana raguwa sosai. Gibson Les Paul ta fito a 1952, daga 1957 kuma aka sa mata fikof mai naɗi biyu da ke kashe ƙugin. Sautinta kauri, jikinta nauyi, wuyanta manne da gam, kuma idan ta faɗi ta baya kanta ne ke karyewa. Wuyan Fender da sukuru 4 aka ɗaure shi, ana kwance shi a sa a akwatin tafiya, in ya lalace a sake wani.

Ba sai ka sayi ta Amurka mai fam dubu da ɗoriya ba. Squier ta kamfanin Fender ce, Epiphone ta Gibson ce, ga Yamaha Pacifica, duk ana samunsu da fam ɗaruruwa kaɗan, ta hannu ma ƙasa da haka. Abin da ya sa jitar talaka a nan ta fi tamu daɗin hannu shi ne saiti, sana'a ce mai zaman kanta, ana biyan 'yan gomomin fam. Kai ma za ka iya. Firet su ne ƙarafan da aka gitta a wuyan jita. Danne babbar tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe, ka duba ratar da ke tsakaninta da firet na 8: kamar milimita 0.25 ake so, kaurin katin waya ko ƙasa da haka. In ratar ta yi yawa, ɗaure sandar ƙarfen cikin wuya da alanki, rubu'in juyi kawai, ka bari ta zauna kafin ka ƙara. Masu gaggawa nan suke karya ta. Sai tsayin tsirkiya a firet na 17, wajen milimita 1.6 ga jita, 2.4 ga bes, wato jita mai kaurin murya. Daga ƙarshe gwada firet na 12 da na'urar saita murya: in sautin ya haura, ja jakin tsirkiyar baya, in ya gaza, turo shi gaba. Kuma ka sani hunturu zai sake taɓa saitin. Katako yana son danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, namu na Janairu kuwa ya yi ƙasa da haka nesa, sai wuya ya tsuke, bakin firet ya fito yana yankar yatsa. Ajiye ta cikin akwatinta da ɗan jiƙaƙƙen soso a roba mai huji, kada ya taɓa jikinta.

Tsirkiya mai lambar kauri 9 zuwa 42 ta fi laushi, 10 zuwa 46 ta fi riƙe murya. Ernie Ball, D'Addario da Rotosound ta Ingila duk 'yan fam ne fakiti. Masu rangadi suna canzawa kusan kowane wasa, kuma ba a hawa dandamali sai da jita ta biyu a jingine. A kasuwanninmu jabu ta yi yawa, kwana kaɗan ta yi tsatsa, saboda haka wannan yana cikin abin da ya fi cancanta a aiko.

Bes ba ta da dogon zance. Fender Precision ta 1951 ko Jazz ta 1960, tsirkiya 4 masu lamba 45 zuwa 105. Ita ce ke cin wat da gaske, 300 zuwa 500. Sarauniyar dandamali Ampeg SVT ce ta 1969, wat 300, da akwati mai sifika 8 'yan inci 10, sai ƙarti biyu suke ɗaga ta. Fender Rumble 500 mutum ɗaya ke ɗauka da hannu guda, tana kuma da mafitar da ke kai sauti miksa kai tsaye. In amfilifayarku ba ta da ita, ku sayi ɗan akwatin DI mai yin wannan aikin. Yana da maɓallin yanke ƙugi. Kada dai a sa bes a sifikar jita, takardar sifikar ba za ta ɗauka ba.

Fedoji jerinsu yana da ƙa'ida: na saita murya farko, irin Boss TU-3, sai wah-wah mai sa jita kukan "wa-wa", sai masu dagula sauti irin Ibanez Tube Screamer ko Boss DS-1, sannan masu amsa-kuwwa a ƙarshe. In ka sa amsa-kuwwa gaban mai dagulawa komai zai cakuɗe. Yawancinsu volt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin cajarsu nagatif ce, akasin cajojin rediyo da yawa da ke kasuwa. Caja ɗaya ta kuskure ta isa ta kashe feda. Wayar jita kada ta wuce mita 6, in ta fi haka kaifin sauti yana zubewa. Mafi yawan "amfilifaya ta lalace" da ake cewa, kan waya ne ya saki, dalma kaɗan ta gyara shi.

Yanzu batun wuta, wanda ya fi duk na sama muhimmanci. Ingila volt 230 take, da filogi mai ƙafa uku irin na Nijeriya, don haka kayan nan suna shiga soket ɗinku kai tsaye. A Nijar sai an canza kai zuwa mai ƙafa zagayayyu irin na Faransa. Amurka kuwa 120 ce. Wanda ɗan'uwansa ya aiko masa daga can ya karanta rubutun bayan akwatin kafin ya soka. In ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, sai da taransifomar rage wuta mai ƙarfin ninkin abin da amfilifayar ke ja. Ƙafa ta uku ta filogi wayar ƙasa ce, kuma tsirkiyoyin jita a haɗe suke da ita ta cikin amfilifaya. Masu yanke ta don ƙugi ya tafi da ransu suke wasa: hannu a tsirkiya, leɓe a makirfo, jikin mutum ya zama hanyar wuta. Haka ta kashe Leslie Harvey, mai jitar Stone the Crows, a kan dandamali a Swansea a 1972. A nan wuraren wasa da yawa suna neman shaidar an gwada lafiyar kowace na'ura, ana kuma sa makashin wuta mai yankewa da zarar miliamfiya 30 ta zurare. Ku sa irinsa a ekstenshan ɗinku, ku kafa sandar ƙarfe a ƙasa ku haɗa da jikin janareta, kayan sauti duka su sha daga layi guda, ban da firji ko fitilu. Kafin wasa a sa mita tsakanin tsirkiya da kan makirfo. In ta nuna wuta, ba a fara ba. Janareta ya tashi ya daidaita tukuna, sai sitabilaiza, sai miksa, amfilifaya ƙarshe. Wajen kashewa ita ce farko.

Saye a nan ya bambanta da na Alaba ko Sabon Gari. A shagunan Denmark Street za ka zauna ka gwada jita son ranka ba mai hararar ka, amma farashi a rubuce yake, tayi kaɗan ne, da harajin kashi 20 a ciki. Abin da ka saya ta intanet doka ta ba ka kwana 14 ka fasa. Garanti kuwa ba zai amfane ka ba da zarar kaya sun tsallaka teku, domin kuɗin mayar da su ya fi na gyara. Na hannu a shafukan intanet irin Reverb, eBay ko Gumtree sun fi sauƙi, sai dai a duba lambar jikin jita, don jabun Gibson suna yawo a nan ma.

Saboda haka ga abin da nake shirin haɗawa in ka amince: Squier ɗaya a kwance wuyanta, fakitin tsirkiya 10, TU-3 da cajarsa ta asali, SM57, akwatin DI, wayoyi masu kan Neutrik, da makashin wutar nan. Amfilifayar nauyinta zai sa kuɗin jirgi da na kwastam su kusa kai kuɗin sayenta, don haka fara tambayar farashin Katana ko Roland a Legas ka sanar da ni, in na can ya fi sauƙi sai in turo kuɗin kawai. Ka gaishe da su Inna.