Inshorar mota: sun biya, amma sai da na gwammace kiɗa da karatu

Masu cewa kamfanin inshora a ƙasar nan ba ya biya sam, to ni dai an biya ni, kar in ci haƙƙinsu. Cikakkiyar inshora nake yi, wato kamfirihensif, a wani kamfanin takaful (inshorar tsarin Musulunci), ba waccan ta dubu 15 ba da kowa ke yanka saboda 'yan sanda. Ita waccan tun da hukumar kula da inshora ta Najeriya, NAICOM, ta ɗaga ta daga dubu 5 a Janairun 2023 motar wanda ka buga take gyarawa, har zuwa miliyan 3, taka kuwa ko fenti babu.

Wani ɗan adaidaita sahu ne ya daki bayana wajen Kabuga a Kano da yamma ana cikin goslo, bamba ta tsage, fitilar baya ta hagu ta fashe, but ya ɗan lotsa. Kafin ka ce me mutane sun taru, Alhaji a yi haƙuri, Alhaji yaro ne nema yake. Shi kuma yaron ya zaro takardar inshora duk ta sha jiki, na danna *565*11# da ake duba sahihancin inshora da ita a waya, na sa lambar adaidaitarsa, babu ita babu alamarta, ta bogi aka yi masa.

Nan na kira wakilin kamfanin, wallahi bugu ɗaya ya ɗauka. Ya ce ranka ya daɗe kar ka motsa motar sai ka ɗauki hoto ta kowane ɓangare har da lambar adaidaitan, kar ka yi sulhu da kowa a bakin titi, kuma kar mai gyara ya taɓa ta sai mutuminmu ya gani. Kafin magariba ya turo min fom ta WhatsApp. Na ce ashe dai akwai na Allah.

To daga nan aka fara. Kawo rahoton 'yan sanda, kawo lasin, kawo takardun mota, kawo kiyasin kuɗin gyara a rubuce da hatimi. Fanal bitana na Kofar Ruwa da ko rasit bai taɓa rubutawa ba sai da muka nemo masa mai kwamfuta. Mota tana ajiye ba damar gyara, ni ina hawa adaidaita zuwa aiki, dubi ikon Allah. Mai dubawar da ya zo kuma sai taɓa bambar yake yana cewa ai wannan za ta ɗinku, ba sai an sa sabuwa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai lissafin ƙarshe. An zaftare kiyasin, sannan aka cire wani kaso wai shi dole mai mota ne zai biya da aljihunsa a kowane hatsari, yana cikin yarjejeniya. Yana ciki ɗin, amma ranar karɓar kuɗina babu wanda ya buɗe baki ya faɗa. Alat ɗin da ya shigo fitila ya saya da rabin kuɗin fenti, ragowar ni na cika. Da na zo sabuntawa kuma aka ce ragin da ake yi wa wanda bai nemi diyya ba na rasa shi bana.

Wakilin nan mutumin kirki ne, har yau muna gaisawa, kuma zan ci gaba da biya saboda babban hatsari ko sata, Allah Ya kiyaye. Amma ƙwarzane ko fashewar fitila, zan dai sanar da su a waya don ya zauna a rubuce, in wuce Kofar Ruwa in gyara abata.