Masu injin tur na Yamai, a yi hattara da mai gyaran bariyatar

Salamu alaikum ƴan uwa kafintoci. Akwai wani mutum da ke yawo rumfa-rumfa tsakanin Katako da Wadata da jakar kayan aiki a bayan babur, yana cewa shi gwanin gyaran bariyatar ne, wato akwatin lantarki da ke ƙara ko rage gudun inji. Ni ya cuce ni, ya cuci maƙwabcina, shi ya sa na kasa yin shiru.

Injina na tur, wanda nake fere ƙafafun gado da na tebur da shi, ya fara wasa da gudu. Ina cikin aiki sai ya zabura, sai ya lafa, ban taɓa komai ba. Wanda ya taɓa ɗora gungumen maɗaci a inji ya san abin da zabura take nufi, icen zai iya kuɓucewa ya same ka a fuska. Mutumin ya zo, ko murfi bai buɗe ba ya ce: "Maigida, bariyatar ɗinka ya mutu, zafi ya dafa shi." Na yarda, don watan Afrilu ne, zafin Yamai ya haura digiri 40, yawancin akwatunan nan kuwa iyakarsu ke nan. Ya kwance shi, ya karɓi jaka 35 kafin alƙalami, wai jibi zai dawo. Har yau jibin ba ta zo ba, lambarsa a kashe.

Na ci bashi na sayi wani bariyatar, aka ɗaura, inji ya ci gaba da zaburarsa kamar da. A nan na gane cewa mai lafiya ɓarawon ya tafi da shi. Wani tsoho mai gyaran rediyo ne ya duba mini, ya zare wayoyi uku na maɓallin da ake murɗawa, wanda su suke kira bolim, ya ɗora mita. Na kilo-om 10 ne. In kana murɗa shi a hankali, lamba ta riƙa hawa sannu a hankali, nawa kuwa tsalle take yi tana ɓacewa. Garin katako ya shiga ciki ya cinye hanyar. Kuɗin sabo bai kai na cefanen yini guda ba.

Na maƙwabcina ya fi ban haushi. Shi injinsa tsohon yayi ne, dinamo (motar lantarki da ke juya injin) mai kondansatar (ɗan gwangwanin da ke ajiye wuta), gudunsa wajen 1,400 a minti, sai an matsar da kuruwa, wato bel ɗin da ke jan injin, daga wannan fuli (faifan da take hawa) zuwa wancan ake canza shi. Mutumin ya kawo masa ƙaramin akwati an rubuta 4000W a jiki, ya jona injin huda ya murɗa, ga gudu na hawa na sauka, abin sha'awa. Injin huda mai sharbon ne, wato ƴan gawayin da ke kai wuta cikin dinamonsa, rage masa ƙarfin wuta ya isa ya rage gudu. Dinamon tur kuwa bugun wutar yake bi, wato 50 Hz ɗin da ke zuwa ta layi, kuma wannan akwati ba ya taɓa shi. Wutar kawai yake shaƙewa, dinamo ya rasa ƙarfi, ya yi ta gurnani yana ɗaukar zafi. Kwana biyu naɗin waya ya ƙone.

Kafin ku bar wani ya kwance muku akwatin bariyatar, ku karanta abin da allonsa ya rubuta. A yawancinsu OH zafi ne, sai a hure ƙura a duba fanka. LU ko UV wuta ce ta yi ƙasa, OC kuma lodi ya yi yawa ko waya ta haɗu. In allo bai nuna laifi ba, a duba bolim, da kuruwa ko ta saki, da bakin wayoyi, girgiza tana kwance su. Sai dai in kun cire wuta ku jira kamar minti 10 kafin ku sa hannu, kondansatar na ciki yana riƙe wutar da za ta iya kashe mutum.

Mun kai ƙara komisariya mu biyu. Mutumin dogo ne siriri, yana jin Hausa da Zabarmanci, ba ya taɓa faɗin inda shagonsa yake, kullum "ina nan bayan kasuwa". In ya shigo rumfarku ku ba shi kujera da shayi, ku aiko yaro ya kira ni.