Lisinopril ko losartan ga mai taurin jijiyoyin jini?

Kawuna a Gusau ya yi wata uku kan lisinopril, maganin hawan jini, busasshen tari ya hana shi barci, har a sahun asuba ana jiyo shi. Likita ya mayar da shi kan losartan, shi ma na hawan jinin ne, tarin ya lafa.

Duka biyun da sinadarin angiotensin II suke faɗa, wanda ke tsuke jijiyoyin jini, yana kuma rura kumburin da ke tara kitse a bangonsu har su yi tauri. Lisinopril na hana jiki samar da shi. Losartan kuwa barinsa yake ya fito, sai ya toshe masa ƙofa.

Ramipril, ɗan gidan su lisinopril, ya rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki a wani babban gwaji na shekarar 2000, shi ya sa na fi karkata ga gidan su lisinopril in babu tari. Mai juna biyu dai, ba ko ɗaya.